Ruwan da Ke Cizo

Talata, 12 ga Agusta, hantsi

Yau ma wata mai zuwa barka ta tambaye ni yadda aka yi Inna ta faɗi. Kafin in buɗe baki Gwaggo Rahmatu ta amsa mata: jiri ne, hawan jini ne, ga kuma santsin bayi. Matar ta ce Allah ya sawwaƙe, ta leƙa fuskar jaririya, ta ajiye sabulunta ta tafi. Na bi Gwaggo da ido har sai da ta kau da kai. Ni kaɗai nake wurin ranar Asabar, ni kaɗai na gani, kuma ni kaɗai ba a bari in amsa. Shi ya sa zan rubuta a nan, tunda takarda ba ta da gwaggo.

Na zo gida haihuwar fari kamar yadda ake yi. Inna ce ke yi mini wankan jego safe da yamma. Damina ce, itace a jiƙe yake, hayaƙi ya sa mata tari har tana riƙe ƙirji. Mijina Sufyanu, da yake kullum yana tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni da kayan sayarwa, sai ya kawo hita, abin dafa ruwa na lantarki, daga can don a huta da hura wuta. Da niyyar alheri ya kawo, na sani. Kuskurensa ɗaya, da ya miƙa wa Baba ita.

Tun da Baba ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma babu abin da ya tsira daga sukundirebansa a gidan nan. Fanka, rediyo, agogon bango, har keken ɗinkin Inna. Ina ƙarama ni ce mai riƙe masa tocila, kuma a lokacin gani nake duk Illela babu mai ilminsa. Shi ya huda rabin gangar ƙarfe, ya ɗaura hitar a gindinta, ya ajiye a bayin wankan mata. Fulogin kayan Nijar ba ya shiga soket ɗinmu, don haka ya datse shi, ya haɗa wayoyi biyu kai tsaye da na bango. Ta ukun, mai kore da rawaya, ya lanƙwasa ta ya naɗe da salatif. Ina zaune da jaririya a cinya na tambaye shi ita fa. Ya yi dariya ya ce, "Wagga ta Hwaransawa ta, Auta. Wutarmu da biyu taka aiki."

Na yi dariya ni ma. Duk muka yi.

Talata, bayan la'asar

Inna ta faɗa masa, wannan kada a manta. Tun kwanakin farko ta ce, "Alhaji, ruwan ga na cizo." Ya ce ta sa takalmi. Ta ce ko an kashe makunni yana cizo, muddin akwai wuta a gari. Ya ce ƙaiƙayin kanwa ne a hannunta.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan asuba

Ranar Asabar ɗin ina kan kujerar katako a bayi, ƙafata cikin silifas. Inna tana tsaye ba takalmi, saboda ta ce silifas na zame mata. Ta sunkuya ta tsoma reshen darbejiya, ta dafa bakin gangar da hannun dama don ta miƙe. Hannun bai saki ba.

Ba zan rubuta sauran ba. Masu wutar lantarki ne suka ɗauke wutarsu kamar yadda suka saba, shi ne ta faɗi. A rayuwata ban taɓa gode musu ba sai ranar.

Alhamis, 14 ga Agusta, azahar

Yaya Hamidu ya kira daga asibiti a Sakkwato, shi ke jinyar Inna. Ya ce tana magana, ta sha kunu. Na tambaye shi hannun. Ya ce layin ba kyau, zai sake kira.

Layin lafiyarsa ƙalau, har kukan yaron gadon kusa da su ina ji.

Asabar, 16 ga Agusta, hantsi

Tun da aka tafi da Inna, Gwaggo ce ta zo daga Amarawa take yi mini wankan, da itace, a tsohuwar tukunya. Hayaƙi, tari, zagi, amma dai ruwa ne da ba ya kama mutum. Na ɗauka shi ke nan, gangar za ta tafi bayan gida ta zama wurin shan ruwan awaki.

Yau da safe sai na ji ƙarar guduma. Na leƙa ta taga, ga Baba tsugune a bayin da akwatin kayan aikinsa. Ya warware salatif ɗin, ya ƙara wa wayar nan mai kore da rawaya tsawo, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen ƙofar bayin. Da ya gama ya wanke hannu, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji. Ya ce ya binciki gangar bai ga wani aibu ba, amma don hankalin mata ya kwanta ya sa mata wayar ƙasa. Ƙarfen ƙofa a ƙasa yake a kafe, in ji shi, duk wutar da ta ɓace nan za ta bi ta sauka. Sannan ya ce daga yau kada a sake hura itace don wanka a gidansa.

Na gane dalilinsa. In aka ci gaba da hura itace, an yarda ke nan gangar ce. In gangar ce, to shi ne.

Gwaggo ta ce, "To, Yaya." Mace mai jikoki, wadda ko mahautan kasuwa ke shakkar bakinta, ta ce to, Yaya.

Asabar, bayan magariba

Ban shiga ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, yamma

Ban shiga ba. Ba zan shiga ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Sufyanu ya zo. Ya daɗe tsugune a zaure yana gaida Baba kafin a ba shi izinin shigowa. Ya ɗauki yarinyar yana kallonta, ni kuma na ce masa ya ajiye ta mu yi magana.

Ashe ya riga ya tambayi wani mai gyaran wuta a Ƙwanni. Mutumin ya ce masa in ruwa ya fara cizo, hitar ta tsage daga ciki, a jefar da ita kawai. Ya ce wayar ƙasa ba a jikin ƙofa ake ɗaure ta ba. Dogon ƙarfe ake kafawa har ya kai ƙasa mai danshi, a zuba gawayi da gishiri, a kuma sa abin da ke yanke wuta da kansa. Ƙarfen ƙofa da ke cikin busasshen siminti ba ya kai wuta ko'ina. Abin da Baba ya yi, da ganga kaɗai ke kama mutum, yanzu har ƙofar.

Na ce to ya tashi ya koma zaure ya faɗa.

Ya ce, "Mahbuba, ƙaƙa za ni tsayawa gaban surukina in ce mai aikinai bai yi ba? Ni da ko abinci ban ci gabanai?"

Na ce, "Gawata kuwa za ka iya tsayawa gabanta?"

Ya ce in daina irin wannan maganar da ɗanyen jego. Ya ce zai aiko da amalanken itace busasshe, sai a ce kyauta ce daga danginsa, kowa ya huta ba tare da an kunyata kowa ba. Ya ji daɗin dabararsa ƙwarai. Mutum ne da ke iya shawo kan masu tsaron iyaka na ƙasa biyu da baki, amma tsoho ɗaya a kan tabarma ya gagare shi.

Talata, 19 ga Agusta, la'asar

Itacen ya zo. Baba ya ce wa mai amalanken ya juya da shi, a gaida surukinsa, a ce masa ɗiyarsa ba ta rasa ruwan zafi a gidan ubanta ba.

Laraba, 20 ga Agusta, hantsi

Kullum safe da yamma Baba yana cika gangar idan babu wuta, ya kunna idan an kawo. Ruwa ya tafasa, tururi ya tashi ta saman katanga, ya huce, ba mai taɓawa. Ni kuwa ina goge jikina a ɗaki da ruwan buta da nake ɗorawa a kan gawayi.

Gwaggo ta zaunar da ni. Ta ce mai jego da ta bar wanka sanyi ke shigarta, ta kumbura, ta lalace tun tana yarinya, kuma ta san mata biyu a Gidan Katta da haka ta kai su kabari. Ta ce, "Ke Auta, mi kika so mu hwaɗa ma mutane? Ubanki ya gyara, ya ce ya gyara. Ke kin hi shi sani?"

Na ce ta shiga ta fara, ni zan biyo ta. Ta ce ita ba jego take yi ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan asuba

Wannan sai na rubuta. Baba ya ce Gwaggo ta duba ko ruwan ya yi. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ba ta san ina bakin taga ba. Ta shiga madafa ta ɗauko muciya. Da muciya ta tura ƙofar bayin, ta leƙa daga nesa, ta sake jawo ƙofar da muciyar, sannan ta dawo ta ce ruwa ya yi.

Da ta shigo ɗaki na tambaye ta ko tuwo za a tuƙa a bayi yau. Ta zage ni ta uwa ta uba, har ta manta uban nawa yayanta ne. Daga baya na ga tana murza tafin hannunta da man zafi. Ashe ƙofar ta riga ta gaisa da ita tun jiya.

Ta sani. Sufyanu ya sani. Yaya Hamidu ya sani, likita ya faɗa masa abin da ke ƙona hannu haka, kuma ba hawan jini ba ne. Kowa a gidan nan ya sani, kowa kuma yana jira wani ya fara faɗa. Ni ma ina cikinsu, in za a yi gaskiya. Sau nawa nake zuwa bakin zaure da maganar a bakina, ya ɗago kai ya ce, "Auta, ƙaƙa jiki?" sai in ce da sauƙi in juyo. Haushin kaina ya fi na kowa.

Asabar, 23 ga Agusta, azahar

Ƙafafuna sun kumbura. Mata uku sun latsa sun girgiza kai, sun kalli juna.

Lahadi, 24 ga Agusta, yamma

Yau kasuwa ta ci, gidan ya cika da dangi na ƙauye da suka biyo gaisuwa. Na ji wata a tsakar gida tana cewa ai gari ya ɗauka, ɗiyar Alhaji Malami ta ƙi wanka don ta san abin da ubanta ya yi wa uwarta. Baba yana zaure, kuma ƙofa a buɗe take. Bai ci abincin rana ba. Kwanon ya dawo kamar yadda aka kai.

Ya rame. Rigarsa ta Juma'a ta yi masa yawa a kafaɗa. Ba na so in lura da wannan, amma na lura.

Talata, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ta kira da kanta. Yaya Hamidu ne ya riƙe mata wayar, na gane saboda muryar tana nisa tana dawowa. Na fara kuka tun kafin ta gama sallama. Ta tambayi yarinyar, ta tambayi nono, ta tambayi ko ina shan kunun kanwa. Sannan ta zo kan abin da ya sa ta kira.

Ta ce, "Ubanki ba ya kwana, Auta. Masallaci ma sai an tada salla yaka shiga, don kak a tambaye shi. Ki shiga wankan ga sau guda, mutane su gani, maganag ga ta mutu."

Na ce, "Inna, ke kika ce haka? Ke?"

Ta ce shekara arba'in tana zaune da shi, ta san shi. Ba zai taɓa cire gangar ba muddin ana kallonsa. In na shiga sau ɗaya aka ga lafiya, shi da kansa zai ce hitar tana shan wuta da yawa ya kwance ta, ba wanda ya ji kunya. Na ce in kuma ba a ga lafiya ba fa. Ta ce in sa takalmi.

Na kashe wayar. Ban taɓa kashe wa Inna waya ba.

Laraba, 27 ga Agusta, hantsi

In sa takalmi.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Na yi niyyar in samu guduma in fasa abin da kaina idan ya fita. Gwaggo ta tare ni a bakin madafa ta ce in na yi haka ita zai kora, kuma zai sayo wata hitar gobe ya sake haɗawa, tunda Ƙwanni ba nisa. Gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi.

Gobe za a sallamo Inna.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan magariba

Sun iso da azahar. Hannun yana naɗe, a rataye a wuyanta. Yatsun da suka leƙo sun lanƙwashe ciki, ba sa motsi. Na miƙa mata yarinyar, ta karɓa da hagu, Gwaggo ta tallafa mata ta ɗaya gefen. Ba wanda ya ce komai a kan hannun. Maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa na cewa Allah ya ƙara sauƙi, a kiyaye gishiri saboda hawan jini.

Da la'asar Baba ya shigo, abin da ba ya yi in akwai mata a gidan. Akwai wuta, fankar ɗaki tana juyawa, tururi na tashi daga bayi. Ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, ruwan mai jego ya yi.

Sai Inna ta miƙa wa Gwaggo yarinyar, ta miƙe. Ta ɗauki reshen darbejiya da hagu. Ta ce, "Ni nif fara mata, ni za ni ƙarasawa. Taso, Auta." Ta zame takalmanta a bakin tabarma, a gaban idonsa, ta nufi bayin. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe take.

Na kalli Baba. Yana tsaye, yana kallonta, leɓensa na motsi. Ta wuce turmi, ta wuce randa. Ta maƙale reshen a hammata don ta miƙa hannun hagun ga ƙofar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Baba, hannu guda yar rage mata. Gangarka ta cinye ɗaya, ƙohwarka kuma za ta cinye wanga. Aikinka na, kowa nan ya sani."

A gaban matan unguwa. A gaban matar liman.

Inna ta tsaya. Baba ya dube ni, kallon da ban taɓa gani ba, ba fushi a ciki, da ma fushin ne. Ya fita zaure ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, fanka ta tsaya. Ya dawo da filaya ya datse wayoyin, dukansu, ya kifar da gangar da ƙafa, ruwan zafi ya malale har bakin kwata. Ya ja ta da hannunsa ya fitar waje. Matan suka fara neman takalmansu.

Gwaggo ta hura itace. Na yi wanka. Ina zaune ruwa na sauka a bayana, ta ce ko zafi ya yi yawa, na ce a'a.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan asuba

Na je gaida shi. Ya ce lafiya, idonsa a kan tasbaha. Na tsaya ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Talata, 2 ga Satumba, hantsi

Bai je masallaci ba tun ranar, a zaure yake salla. Akwatin kayan aikinsa ya aika wa wani a kasuwa kyauta. Yaya Hamidu ya ce in ba shi haƙuri. Na ce zan ba shi haƙurin inda na faɗa da kuma gaban waɗanda na faɗa, amma ba na abin da na faɗa ba. Ya ce to ai wannan ba ban haƙuri ba ne. Sufyanu ya sake aiko da itacen, wannan karon ba wanda ya mayar.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan azahar

Yau muka zauna ni da Inna mu kaɗai, yarinyar na barci tsakaninmu. Tun Asabar ba ta yi mini maganar ba sai yau.

Ta ce, "Kin san mi yas sa nic cire takalmi gabanai?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce ba wanka za ta yi mini ba, kuma ba ta yi niyyar taɓa ƙofar ba. So take ya tsayar da ita da bakinsa. Ta ce tun daga Sakkwato take shirya abin a mota. In shi ya ce tsaya, to mutum ne da ya ji tausayin matarsa, kowa zai yaba, ya cire gangar da mutuncinsa. Ta ce ta ga bakinsa ya fara motsi. "Da kin yi shiru taki biyu, da shi ad da maganar. Yanzu kin amshe mai ita, kuma ba ya da wata."

Haushi ya kama ni, na nata, na nasa, na gidan nan duka da ake auna mutuncin namiji da hannun mace. Kuma duk da haka ina jin tarinsa daga zaure, ina so in tashi in kai masa ruwa.

Na ce, "Inna, na ga hannunki. Bai kai taki biyu ba tsakaninki da ƙarhen. In da bai tsayar da ke ba hwa?"

Ta kalli yarinyar. Can ta sunkuyo da kanta wajena ta ce in ɗaura mata ɗankwali, ya zame tun ɗazu.